Saƙon da Ke Cewa Za a Rufe Maka Absher

Duk baƙon da ke zaune a Saudiyya yau, rayuwarsa a cikin waya take. Igamarsa, wato katin izinin zamansa, tana manhajar gwamnati ta Absher, kwantiragin aikinsa yana Qiwa, hayar gidansa tana Ejar, izinin shiga Rauda yana Nusuk, albashinsa yana manhajar banki, tarar da kyamarar hanya ta Saher ta rubuta masa kuma ta SADAD zai biya. Babu mai musun cewa wannan tsari ya rage wa mutane tsayuwar layi a jawazat, ofishin fasfo da izinin zama. Sai dai ya koya mana wani sabo: hukuma ta allon waya take magana da mutum, kuma in ta yi magana ba a jan ƙafa. A kan wannan sabo 'yan damfara suka kafa kasuwarsu.

Imel ne zai shigo da tambarin takubba biyu da bishiyar dabino, da Larabci tsaf, wani lokaci da Turanci a ƙasansa. Zai ce an samu matsala a bayananka, za a dakatar da asusunka cikin awa 24 in ba ka sabunta ba. Ko ya ce kayanka suna ofishin gidan waya, saura kuɗin kaiwa riyal goma sha wani abu. Ko ya ce akwai tara a kanka da za ta ninka. Ko kuma albishir: an mayar maka da wasu kuɗi, ka shigar da lambar katinka a zuba maka. Labarin yana sauyawa, amma abin da ake so ka yi bai wuce uku ba: ka latsa linki, ka buɗe fayil ɗin da aka maƙala, ko ka kira wata lamba. Abin da ake so a samu kuma shi ne kalmar sirrinka, bayanan katinka, da lambar nan da banki ke turowa ta tes.

Abin da ya sa nake ganin wannan magana ta shafi mutanenmu fiye da yadda muke zato shi ne tsoro. Ɗan ƙasa in ya ga saƙo yana cewa za a rufe masa asusu, ransa zai ɓaci, ya ce gobe ya leƙa banki. Direban gida daga Katsina, ko mai aikatau daga Damagaram, ko tsohon da aka haifa a unguwar Misfala ta Makka amma har yau igama yake sabuntawa, in ya ga kalmar "iƙafi" ko "mukhalafa" (dakatarwa ko saɓa doka) kusa da sunansa, abin da ke faɗo masa a rai tarhil ne, wato kora daga ƙasa. Wanda ya taɓa ganin an kwashi maƙwabtansa a Shari'u Mansur ta Makka ko Karantina ta Jidda ba ya tsayawa nazarin adireshin da saƙo ya fito. So yake ya kashe wutar tun ba ta kama ba. Ga kuma matsalar harshe. Da yawa daga cikinmu suna jin Larabcin kasuwa kamar ruwa, amma Larabcin ofis a rubuce sai da laluben kalmomi. Ga wata ta uku da ba a cika faɗa ba: mutane da dama ba su suka buɗe imel ɗinsu ko Absher ɗinsu ba. Yaron shagon waya ne ko mai ofishin cike takardu ya buɗe musu, ya rubuta kalmar sirrin a bayan rasit. Wanda bai san yadda shafin gaskiya yake ba, ta yaya zai gane na jabu?

Akwai kuma wata irin nutsuwa ta ƙarya da na lura da ita musamman wajen 'yan Najeriya. Mun taso da labarin 419, mun san wasiƙar matar marigayi janar mai neman wanda zai taya ta fitar da miliyoyi, saboda haka muna ganin ba a yi wanda zai yi mana wayo ba. Waccan damfarar kwaɗayi take nema, kuma mai tsoron Allah yana iya tsira daga gare ta da ƙana'a kawai. Ta yanzu ba ruwanta da kwaɗayinka. Mutumin kirki mai son bin doka, mai gudun bashi, mai son biyan tara a kan lokaci, shi ne ma ya fi saurin faɗawa.

Don a gane yadda saƙo zai zo da sunan ma'aikatar gwamnati alhali ba daga can yake ba, sai an san asalin imel. Ƙa'idar da ake aika shi da ita tun 1982 aka rubuta ta, lokacin da masu amfani da intanet 'yan tsiraru ne a jami'o'i da cibiyoyin bincike, sun yarda da juna. Ba a sa wani sharaɗi na tabbatar da mai aikawa ba. Kamar ambulan ne: duk sunan da ka ga dama kana iya rubutawa a bayansa, ɗan aike zai kai ba tare da ya tambaye ka shaida ba. Daga baya an ƙirƙiro hanyoyin tantancewa, irin su SPF da DKIM da DMARC, waɗanda ke taimaka wa Gmail da takwarorinsa su gane ko saƙo daga gidan da yake iƙirari ya fito. Sun toshe ƙofa babba, shi ya sa damfara da yawa ke zarcewa kwandon shara ba ka ma gan ta ba. Amma ba su hana mutum ya rubuta "Wizaratul Dakhiliyya" (Ma'aikatar Cikin Gida) a gurbin suna ba, alhali adireshin da ke ƙarƙashi na wani ne dabam. A waya kuwa sunan kaɗai ake nuna maka, sai ka taɓa shi sannan adireshin ya bayyana. Kuma ba su hana ɗan damfara ya sayi adireshi mai kama da na gaskiya ya yi masa rajista yadda ya kamata ba.

Wannan kamannin ba ƙananan mutane kaɗai yake ci ba. A 2015 kamfanin man Indiya, ONGC, ya sayar wa Aramco, kamfanin man Saudiyya, kaya. 'Yan damfara suka buɗe adireshi da aka juya haruffa biyu kawai, ognc a maimakon ongc, suka ci gaba da musayar wasiƙu da sunan kamfanin, suka ba da wani asusun banki dabam. Kuɗin da suka tafi sun kai kimanin dala miliyan 30. Tsakanin 2013 da 2015 kuma wani ɗan ƙasar Lituweniya, Evaldas Rimasauskas, ya yi shigar wani kamfanin Taiwan mai suna Quanta da ke yi wa Google da Facebook aiki, ya riƙa tura musu takardun neman biya na jabu har ya karɓi sama da dala miliyan 100. Kotun Amurka ta ɗaure shi shekara 5 a 2019. Ina kawo waɗannan ne don wanda aka taɓa cuta ya daina ganin kansa a matsayin wawa. Akantoci masu digiri ne suka sa hannu a waɗancan kuɗaɗe.

Karanta adireshi fasaha ce da ake koya cikin minti biyar, kuma mu da muka yi makarantar allo muna da sauƙinta, domin daga dama ake farawa. Ka nemi karan nan mai jirkice na farko da ke bayan sunan shafin, ka tsaya a nan, sannan ka karanto baya. Abin da ke daf da karan shi ne mai gidan. Shafin Absher na gaskiya absher.sa ne. In ka ga absher.sa.tajdid-bayanat.com, to mai gidan shi ne tajdid-bayanat.com, kalmar Absher ado ce aka liƙa a gaba. Ma'aikatun gwamnati galibi da gov.sa suke ƙarewa, kuma ba kowa ake ba wannan ba. A imel ma haka: abin da ke bayan alamar @ shi ne abin dubawa. Banki ba ya rubuto wa abokin hulɗarsa daga gmail.com ko outlook.com. In kana son ganin inda linki zai kai ka a waya, ka danne shi ka riƙe ba tare da ka saki ba, adireshin zai fito.

Akwai shawarwari biyu da aka daɗe ana bayarwa waɗanda yanzu ba su da ƙarfi, kuma dogaro da su yana da haɗari. Ta farko ita ce a duba kurakuran rubutu. A da gaskiya ne, saƙon damfara yakan zo da gurguwar fassara. Tun ƙarshen 2022 da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka shiga hannun kowa, wanda bai san alif ba yana iya fitar da wasiƙar ofis da Larabcin da ya fi na ma'aikacin banki, kuma babu abin da zai hana shi fitar da ita da Hausa. Ta biyu ita ce alamar kwaɗo a gefen adireshi. Ma'anarta kawai ita ce babu mai leƙen abin da ke wucewa tsakaninka da shafin. Ba ta ce shafin na mutanen kirki ba ne, kuma kyauta ake samunta.

Wani dattijo a unguwarmu, wanda 'yarsa ta yi masa odar takalmin masu ciwon suga, ya tare ni bayan sallar isha'i da waya a hannu. "Ɗana, duba min nan. Sun ce kayan sun iso, in biya riyal goma sha biyu. Na sa lambar katin, sun turo wata lamba, amma idona ba ya ganin ƙananan rubutun." Na karɓa. Shafin kore da fari ne, da hoton motar kai kaya, da gurbi shida yana jira, da agogo a sama yana ƙirga daƙiƙoƙi. Na buɗe tes ɗin da bankinsa ya turo. Na gaskiya ne, daga bankin ya fito, amma babu maganar riyal goma sha biyu a ciki. Cewa yake wannan lambar ta ɗora katinka ce a kan wata sabuwar na'ura, kada ka ba kowa. Na ce, "Baba, wannan ba kuɗin kaya suke nema ba, katin gaba ɗaya suke so su ɗauke." Ya ce, "To ai sun san ina jiran kaya." Ba su sani ba. Dubban mutane aka tura wa saƙon a dare ɗaya, kuma a ƙasar da kowa ke oda ta intanet, dole ya dace da wasu. A nan tsaye muka shiga manhajar bankin muka dakatar da katin.

Dabarar ke nan, kuma ya kamata a fahimce ta sosai. Shafin jabu ba ajiye bayananka yake yi ya jira gobe ba. A daidai lokacin da kake rubutawa, wani yana kwafe su yana shigarwa a shafin gaskiya. Shi ya sa tes ɗin ke zuwa daga ainihin bankinka ko ainihin Absher, ya sauka cikin jerin saƙonnin da ka saba gani, hankalinka ya ƙara kwanciya. In ka miƙa lambar, katinka ya hau wayar ɓarawo, sai ya riƙa kara ta a na'urar biya a kanti kamar nasa, ba tare da an sake tambayarka komai ba. Ƙaramin kuɗin da aka ambata don kada ka yi dogon tunani ne. Maganin a nan ba shi da tsada: ka karanta tes ɗin har ƙarshe kafin ka ɗauki lambar. Banki yakan rubuta ko nawa ne, ga wa, ko don me. Yawancinmu lambobin kawai muke hango a saman allo mu kwafe.

Nafath ya fi wannan nauyi. Shi ne mabuɗin da ake tabbatar da cewa kai ne kai a wajen ma'aikatu da bankuna da kamfanonin sadarwa. Yadda yake aiki, shafin da kake son shiga zai nuna maka lamba, sai ka buɗe manhajar ka zaɓi irinta, ka nuna fuskarka. To in imel ya ce ka kira wata lamba, ko wani ya kira ka da muryar ma'aikaci yana cewa "za ka ga buƙata a Nafath, zaɓi arba'in da bakwai," ka sani shi ne ke tsaye a ƙofar, kai kuma kake buɗe masa da fuskarka. Da wannan ana iya buɗe asusu ko fitar da layin waya ko neman bashi da sunanka. Kuɗin da aka sata a kati suna da iyaka. Layin da aka fitar da igamarka aka damfari wasu da shi kuwa, kai za a fara nema. Duk buƙatar Nafath da ba kai ka tayar da ita da hannunka ba a wannan minti, ƙin amincewa ne amsarta, ko wane ne ke magana.

Lokacin Hajji kasuwar takan buɗe da wani salo. Saƙonni su yi ta yawo da tambarin Nusuk ko na Ma'aikatar Hajji: guraben da suka rage, hamla (ayarin alhazai) mai rahusa, tasrihi (izinin Hajji) cikin kwana biyu. Mai igama da ke son sauke farali, ko mai son kawo mahaifiyarsa daga gida, sai ya tura kuɗi asusun wani mutum, a turo masa takarda mai lambar QR da ba ta karantuwa a shingen shiga Makka. Ba kuɗin kaɗai ya rasa ba. A idon hukuma ba shi da tasrihi, kuma a 2025 tarar wannan ta kai riyal 20,000, ga kora daga ƙasa da hana dawowa shekara 10 ga baƙo. Mara tasrihi kuma ba shi da tanti a Mina, ba shi da motar alhazai. A Hajjin 2024 da aka yi tsananin zafi, ministan lafiya na Saudiyya ya ce mutum 1,301 suka rasu, kashi 83 cikin 100 ba su da izini. Hanyar mazaunin ƙasa ita ce Nusuk da kamfanonin da ma'aikatar ta lissafa, biya kuma ta hanyoyin da tsarin ya nuna. Na gida kuwa ta NAHCON da hukumomin alhazai na jihohi, ko kamfanonin jirgin yawo masu lasisi.

'Yan kasuwarmu masu sayen abaya da turare da dabino a Balad ta Jidda suna aikawa Kano suna da nasu tarkon. In aka shiga imel ɗin dilan da kake hulɗa da shi, ɓarawon ba ya gaggawa. Zai zauna yana karanta hirarku har ranar biya ta zo, sannan ya turo saƙo a cikin zaren hirar da kuka saba, da gaisuwar da kuka saba, yana cewa an canja asusu, ga sabon IBAN, wato lambar asusun. Adireshin na gaskiya ne, saboda haka duk abin da na faɗa a kan karanta adireshi ba zai cece ka ba a nan. Abu ɗaya ne zai yi: duk ranar da aka ce lambar asusu ta sauya, ka kira mutumin a lambar da ka daɗe da ita, ka ji muryarsa. Kada ka kira wadda ke cikin saƙon.

A ganina wannan shi ne ginshiƙin kariyar gaba ɗaya, kuma ya fi dacewa da mutanenmu fiye da dogon jerin alamomi da ba kowa zai riƙe ba. Ba sai ka iya tantance ko saƙo gaskiya ne ba. Ka bar shi inda yake, ka je ta hanyarka. An ce akwai tara? Buɗe manhajar Absher da ke wayarka, in akwai za ka gan ta. An ce an rufe asusu? Buɗe manhajar bankin, ko ka kira lambar da ke bayan katin. An ce kaya sun iso? Koma inda ka yi odar. In maganar gaskiya ce tana can tana jiranka, ba ka yi asarar komai ba sai minti biyu. Hajiyar da ba ta karanta boko ko Larabci tana iya riƙe wannan, kuma tana iya riƙe cewa lambar tes ba a karanta wa kowa ita, ko da ya ce daga banki yake. Fayil ɗin da ya ce ka saukar da wata manhaja daga wajen Play Store ko App Store shi ma haka: irinsu ne ke karanta tes ɗinka a ɓoye su tura wa mai su.

Shi kansa imel ɗin yana buƙatar gyara, domin ta cikinsa ake sauya kalmar sirrin kusan komai. In wani ne ya buɗe maka, ka canja kalmar yau, kada ta zama lambar wayarka ko ta igamarka, kada kuma ta zama ita ce ta Facebook. Ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka duba lambar wa aka sa ta dawo da asusu. Sau da yawa ta mai shagon ce, ko wani tsohon layi da ya daɗe da komawa hannun wani.

In kuwa an riga an faɗa, mintoci ne ke da daraja. Banki ne farko: a dakatar da kati, a sanar da su an yi zamba. Sai kalmar sirrin imel, sannan sauran. A ajiye hoton saƙon da na cirar kuɗin. Ana kai rahoto ta manhajar Kulluna Amn ko ofishin 'yan sanda, saƙon tes na damfara kuma ana tura shi lambar 330330. Doka tana bayan wanda aka cuta: dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai kai shekara 3 da tarar riyal miliyan 2 ga mai cin dukiyar mutane da sunan ƙarya, ta zambar kuɗi ta 2021 kuma ta kai shekara 7 da riyal miliyan 5. Abin da ke damuna shi ne shirunmu. Kunya takan sa magidanci ya kwana uku bai gaya wa ko matarsa ba, wanda takardunsa ke da tangarɗa kuma yana tsoron kusantar hukuma, sai maganar ta mutu a ɗaki, saƙon ya ci maƙwabci gobe.

Wannan dokar kuma tana iya juyowa kan namu ta wata ƙofa. Kuɗin sata sai sun sauka a wani asusu na cikin ƙasa kafin su fita, kuma masu damfara suna neman baƙi masu ƙaramin albashi, ko masu shirin komawa gida, su ce a ara musu asusu kuɗi su wuce, a ba mutum ɗan kaso. Wani ta imel ɗin "aiki daga gida" ake kamo shi, wani ɗan gari ne zai roƙe shi da sunan taimako, ya ce nasa asusun ya sami matsala. Ranar da mai kuɗin ya kai ƙara, sunan da ke kan asusun shi ne a gaban mai bincike.

Bayan kwanaki kaɗan da cuta, wanda aka damfara yakan sami sabon saƙo: lauya ne, ko wani ofishi mai dawo da kuɗin da aka sace, ko ma'aikacin babban banki da ya ga ƙorafinsa, zai taimaka in an biya kuɗin buɗe fayil. Ya san adadin da aka cire da ranar da aka cire, domin ko dai su ne na farkon, ko kuma sun sayi sunansa a hannunsu. Babban Bankin Saudiyya, SAMA, yana karɓar ƙorafi a kan bankuna ta hanyoyinsa na hukuma, ba ya karɓar ko riyal ɗaya a kan haka, kuma ba ya neman lambar tes ɗin kowa.